Takardun malamin lesin da labarin farkon halitta: abin da na gani a ciki



Makonni uku da suka wuce, bayan an sallame isha'i, iyayen yara huɗu suka tare ni a ƙofar masallaci. Babbansu ya zaro wasu takardu daga aljihun gaba, an naɗe su kamar tabarma, ya miƙo mini. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ka duba mana wannan. An ce ana koya wa yaranmu wai bam ne ya tashi, duniya ta samu." Na biyu ya ce shi tuni ya hana 'ya'yansa zuwa. Suka nemi in yi magana a kai bayan sallar asuba, a rufe lesin ɗin kowa ya huta.

Ban yi maganar ba a ranar, don ban karanta ba. Yanzu na karanta, kuma na ga ya fi kyau in rubuta a nan, inda kowa zai bi a tsanake, da in faɗa a masallaci rabin mutane na gyangyaɗi.

Ga wanda bai san zancen ba: wani saurayi ɗan bautar ƙasa da aka turo nan Damagum, mutumin Kudu, shi ne ya buɗe lesin na Turanci kyauta, kwana uku a mako bayan la'asar, don 'yan aji shida na firamare da 'yan ƙaramar sakandare. Maimakon littafin Turanci da aka saba, sai ya haɗa nasa takardun, shafi ashirin, ya buga da kuɗinsa. Darasi takwas ne. Ya fara da farkon halittar sammai, ya bi ta kan taurari, rana, wannan ƙasa da muke takawa, da wata, ya ƙare da ruwa da iska. Kowane darasi akwai ɗan labari da Turanci, sai jerin sababbin kalmomi, sai gurabe da yaro zai cike.

Ni dai kun san ni. Turancina na kasuwa ne, na karanta rasit da rubutun jikin buhu. Karatuna allo ne da Islamiyya da zaure. Saboda haka na zauna dare uku da 'yata da ke babbar sakandare, tana karantawa tana fassara mini layi-layi. Inda muka cije, na buga wa ɗan ƙanena waya, shi ya karanta kimiyyar lissafi a jami'a. Wasu abubuwan kuma na daɗe da jin su a rediyo, sai yanzu na haɗa su wuri ɗaya.

Ban ga kafirci a takardun nan ba. Babu layi ɗaya da ya ce babu Mahalicci, babu inda aka taɓa Annabi ko Littafi. Amma na ga kurakuran koyarwa, kuma a garin nan irin waɗannan kurakurai suna da tsada.

Kafin su, a ba mutum haƙƙinsa. Dabarar tana da kyau. Littattafan Turancin da yaranmu ke riƙewa cike suke da abubuwan da ba su taɓa gani ba, jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, bakin teku, wani yaro da karensa suna cin abinci a tebur. Sama kuwa tana bisa kan kowa, ɗan mai kuɗi da almajiri. Kuma yaro na son labari. 'Yata ta nuna mini yadda malamin ya yi amfani da labarin ya koyar da yadda ake faɗin abin da ya riga ya wuce a Turanci, tunda duk abin da ke cikinsa ya wuce. Wannan basira ce. Mutumin da ya bar garinsu ya zo ya zauna cikin ƙurarmu, yana kashe ɗan alawus ɗinsa a kan 'ya'yan da ba nasa ba, bai cancanci a bi shi da zargi a bayan ido ba.

To amma an ɗora wa jaki ɗaya kaya biyu. Yaron bai san harshen ba, bai kuma san zancen ba. In da ya san ɗaya, da ya kama ɗayan da shi. Na kira ƙaramin ɗana, shekararsa goma sha biyu, yana zuwa lesin ɗin. Na ce ya karanto mini darasin farko. Wallahi ya rufe takarda ya zubo shi da ka, tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Na ce madalla, to me ake nufi? Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce, "Baba, wai wani abu ne ya fashe."

Mu 'yan allo ba za mu raina hadda ba, da ita muka tashi. Amma haddar Alƙur'ani ibada ce a kan kanta, kuma ba a barin ta haka nan: azumi na zuwa, a zauna tafsiri, a warware maka da Hausa. Haddar sakin layi na kimiyya ba tare da ma'ana ba, ba lada, ba ilmi, ba ma Turancin. Yaron da ya cike gurabe takwas daidai ya samu maki, amma ka sauya masa tambayar kaɗan ka ga ido ya raina fata.

Sai kalmar da ta tayar da ƙurar. Takardun sun kira farkon halitta da sunan da Turawa ke kiransa, Big Bang, suka kuma zana hoton wuta na tartsatsi ta ko'ina. Yaro ya duba ƙamus, ya ga ƙara mai ƙarfi, ya ga fashewa. A wani gari wannan kalma ce kawai. A nan fa? Ranar 6 ga Yulin 2013 an shiga makarantar sakandare ta Mamudo, nan kusa da mu, an kashe sama da mutum 40, akasarinsu ɗalibai. Ranar 10 ga Nuwamban 2014 bam ya tashi a taron safe na makarantar kimiyya a Potiskum, sama da 40 suka tafi. Akwai gidaje a unguwar nan da har yau ba a ambaton waɗannan ranaku a gaban uwar gida. Ka ce wa irin wannan uwa an koya wa ɗanta cewa asalin komai fashewa ne, me kake so ta ji?

Abin takaicin, fassarar ma ba daidai ba ce. Ɗan ƙanena ya ce masana ba su nufin wani abu ya fashe a cikin wani fili kamar tukunyar gas. Abin da suke cewa shi ne, a farko komai a cure yake, da zafin da ba ya misaltuwa, sai sararin kansa ya shiga buɗewa, yana faɗaɗa yana hucewa, kuma har gobe bai daina ba. Sunan ma ba masu ra'ayin suka raɗa ba. Wani masanin Ingila, Fred Hoyle, wanda bai yarda da zancen ba sam, shi ya fara faɗin sa a rediyon BBC a 1949, sunan ya bi abin. Da malamin ya tambaye ni, da na ce ya rubuta "buɗewar farko" ko "shimfiɗuwar sarari" a gefe. Kuma da ya bar hoton wutar nan, ya aiki yaro gida ya kalli kwaɓin fanke. Ka barbaɗa riɗi a cikin kwaɓin, ka rufe, ka dawo bayan ya tashi: kowace ƙwayar riɗi ta yi nisa da 'yar'uwarta, alhali ba wadda ta yi tafiya, kwaɓin ne ya kumbura a tsakaninsu. Da na faɗa wa ɗana haka, bai ƙara ce mini wani abu ya fashe ba.

Babban aibin takardun a wurina shi ne ba su faɗi yadda aka sani ba. Sun ce shekara biliyan 13.8, kamar wanda ya karanto daga takardar haihuwa. Ni ɗan kasuwa ne. Ko ɗan'uwana ya kawo mini buhun wake, sai na soka ƙarfe na ga ƙwayar kafin in biya. A zaure kuma an koya mana tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji. Yaron da aka ba shi lamba ba hujja, abu biyu zai yi: ko ya haɗiye ba tunani, ko ya tofar ba tunani. Duka biyun ba karatu ba ne.

Alhali hujjar tana da daɗin ji, kuma ana iya faɗin ta da Hausa. A 1927 wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, ya fitar da lissafin cewa sarari faɗaɗa yake yi. A 1929 Edwin Hubble a Amurka, da babban madubin hangen nesa, ya nuna cewa tarin taurarin nan masu nisa suna ja da baya daga gare mu, kuma wanda ya fi nisa ya fi sauri. Ta yaya ya gane, tunda ba zuwa ya yi ba? Ku fita bakin titin nan da ya taso daga Potiskum ya nufi Damaturu, ku jira tirela ta taho tana danna oda. Tana tunkaro ku ƙarar siririya ce, tana wuce ku sai ta yi kauri, alhali direba bai sauya komai ba. Makaho ma zai gaya maka ko motar zuwa take ko tafiya. To haske ma yana da irin wannan hali: abin da ke nisantarka, haskensa kan karkata wajen ja. Da wannan aka auna. Sannan a 1965 wasu mutum biyu a Amurka, Penzias da Wilson, suka ba da labarin wani shuu da na'urarsu ke kamawa daga kowace kusurwa ta sama, dare da rana, sun yi gyaran duniya ya ƙi ɓacewa. Aka gane ragowar zafin farkon nan ne, kamar ɗumin da kake ji a toka da safe ka san an kwana da wuta a wurin. Yaranmu sun san tirela, sun san murhu. Me ya hana a fara da su, sannan a ba su kalmomin Turancin su rataya a kai?

Ita kanta lambar, biliyan, yaro ba ya jin nauyinta. Mu manya ma sai a bakin 'yan siyasa muke jin ta. Na sa 'yata ta buga lissafi: in kana ƙirga ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, miliyan ɗaya zai ci maka kwana goma sha ɗaya da rabi. Biliyan ɗaya kuwa sai ka yi kusan shekara 32. Biliyan 13.8 ya haura shekara 430 ana ƙirga. Haka nisan rana, kilomita miliyan 150. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, ba tsayawa shan mai ba shingen 'yan sanda, za ta kai wata cikin wata biyar da 'yan kwanaki, amma rana sai ta yi shekara 170 da ɗoriya a hanya. Haske kuwa minti takwas da 'yan daƙiƙu yake yi ya iso mana daga can. Da na faɗi wannan a shago, wani dattijo da ya zo sayen gishiri ya ajiye kuɗinsa ya yi tasbihi. Takardun sun rubuta lambobin nan duka, amma ba su sa kowa ya yi tasbihi ba, ba su ma sa kowa ya yi mamaki ba.

Akwai kuma kalmar tiyori, da ta fito sau da yawa ba a fassara ta ba. A bakin samarinmu, in an ce abu tiyori ne, ana nufin surutu ne ba aiki. A wurin masu kimiyya kuwa, bayani ne da aka gwada shi da awo ya tsaya, kuma ƙofa a buɗe take a gyara shi in sabon awo ya zo. Ya kamata a gaya wa yaro duka biyun: ba tatsuniya ba ce, ba kuma wahayi ba ce. Takardun sun yi shiru a kan wannan, sai suka bar uba ɗaya na cewa ƙarya ce tsagwaronta, ɗansa na cewa ai an tabbatar, kowa na jan igiya.

Yanzu ga inda abin ya shafe ni a matsayin mai jan salla. Wata yarinya ta tambayi malamin a aji, da ɗan Turancinta, cewa to ina Allah a cikin labarin nan? Ya ce mata wannan ajin Turanci ne da kimiyya, ta tambayi iyayenta. Na fahimce shi. Baƙo ne, ba addininmu ɗaya ba, an kuma ja masa kunne kafin ya zo Yobe. Amma ku duba abin da ya faru: yarinyar ta yi tambaya mafi girma da ɗan Adam ke yi, aka rufe mata ƙofa da harshen da ba ta iya gardama da shi. Tambayar ba ta mutu ba. Za ta kai ta wani wuri, kuma wanda zai amsa mata da Hausa zai amsa.

Mu nan mun san waɗanda suka taɓa amsa irin wannan tambaya. Muhammad Yusuf, a hirarsa da BBC a 2009, ya ƙaryata cewa ƙasa a mulmule take, ya ƙaryata cewa ruwan sama daga tururin da rana ke ɗagawa yake samuwa. Samarin da suka bi shi ba da Turanci ya ja su ba. Da harshen da suke mafarki da shi ya yi musu magana, a kaset da wa'azin dare, yana kawo musu abin da ke cikin littafin boko yana fassarawa yadda ya so. Da yawansu sun zauna a aji, sun haddace irin waɗannan darussa, sun ci jarrabawa, amma ba wanda ya taɓa warware musu da Hausa sai shi. Fassararsa ce kaɗai suka taɓa fahimta. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci game da takardun nan, kuma shi ne dalilin da ya sa ba zan goyi bayan a rufe lesin ɗin ba. In mun rufe, labarin ba zai ɓace ba, yana cikin wayar kowane yaro. Mun dai janye bakinmu ne daga ciki.

Amsar da zan ba yarinyar nan gajeriya ce. Mai sikeli yana gaya maka nauyin buhu, ba ya gaya maka mai shi. Masu madubin hangen nesa sun auna nisa da zafi da shekaru, kuma a kan awo sun fi ni sani nesa ba kusa ba. Wa ya yi, don me aka yi, ba ya hawa sikelinsu, masu gaskiyar cikinsu ma ba su ce yana hawa ba. Shi Lemaître da ya fara lissafin nan limamin coci ne na Katolika, bai ajiye limancinsa ba har ya mutu. Kuma ga abin da ya burge ni da shi: da Fafaroma na lokacin ya so ya riƙi lissafin a matsayin hujjar addini a 1951, shi bai ji daɗin haka ba, ya fi son a bar kowanne a muhallinsa. Ina ba 'yan'uwana masu wa'azi irin wannan shawara. Na ji masu ɗauko aya su ce ga Big Bang nan ƙarara a ciki. A yi hattara. Lissafin masana yana sauyawa, su da kansu suna faɗa. In ka ɗaure aya a jikin lissafin bana, ranar da aka gyara lissafin me za ka ce wa yaron da ka koya wa haka?

Wani abin da ya ba ni haushi, shafi ashirin ana zancen sama, ba a ce wa yaro ya fita tsakar gida ya ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Darasin rana ya kawo yanayi huɗu na ƙasar Turai har da ƙanƙara mai zuba kamar auduga, ba damina, ba kaka, ba hunturu, ba bazara. Taurarin duk da sunayen Turanci. Ba Kaza da 'Ya'yanta, wadda a wannan sanyin kowa ke ganin ta bayan isha'i in hazo ya yi sauƙi. Ba Zara matar wata, ba Gamzaki. Yaro zai so ya ji cewa Zara ta yamma da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, kuma ba tauraro ba ne irin sauran, duniya ce 'yar'uwar tamu da ke zagaya rana, ita ce Turawa ke kira Venus. Ka ga ya samu kalmar Turanci ɗaya da ba zai taɓa mantawa ba, don ya rataye ta a kan abin da kakarsa ta nuna masa.

Har ma akwai sunayen da ba sai an fassara ba. Tsofaffin malamanmu masu lissafin manzilolin wata 28, waɗanda manoma kan tambaya kafin shuka, sun san Dabaran. A littafin Turawa sunansa Aldebaran, Larabcin ne suka ɗauka da alif da lam ɗinsa. Irinsa suna da yawa. Zancen ƙasa a mulmule take kuwa, tun zamanin halifa Ma'amun a Bagadaza, wajen shekara ta 830, aka aiki masana cikin sahara su auna girmanta. Biruni ya sake aunawa da dabarar tsayin dutse. Ibn Hazm na Andalus, malamin fiƙihu da hadisi, ya tabbatar da mulmulewarta a rubuce. Ko layi ɗaya takardun ba su ba waɗannan ba. Ban ce malamin ya ɓoye da gangan ba, inda ya kwaso ne babu su. Amma sakamakon shi ne yaron Musulmi ya tashi yana ganin ilmin sama kayan aro ne daga gidan wasu.

Kuma hujjar tana cikin ibadarmu ta kullum. Wanda ya kalli sallar magariba daga Makka a talabijin ya san ana kiran ta can alhali mu nan rana na sama, tsakaninmu kusan awa biyu. Da azumi, mutanen Maiduguri na shan ruwa kafin mu, mu kuma kafin Sakkwato, tsakanin Maiduguri da Sakkwato kusan rabin awa. In ƙasa a shimfiɗe take kamar faifai, me zai sa rana ta faɗi wa wani ta bar wani? Azumin kansa yana matsowa da kwana 11 kowace shekara, don shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365, shi ya sa wanda ya kai shekaruna ya yi azumi a cikin sanyi, ya yi a tsakiyar zafin bazara. Ranar 29 ga Maris 2006 rana ta yi husufi, a wajajen Katsina da Maraɗi duhu ya rufe da rana tsaka, mu nan muka ga an cinye mafi yawanta. An sanar da ranar da sa'ar tun kafin ta zo, muka yi alwala muka jira, muka yi sallar husufi. Lissafin bai rage wa sallar komai ba. Ku gwada wannan da abin da ya faru a Maiduguri a Janairun 2001, da wata ya yi husufi samari suka fita ƙone-ƙone wai zunubin wasu ne ya jawo. Alhali ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka danganta abin da rasuwar, shi da kansa ya gyara musu.

Wani zai ce ai Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Wannan magana ba ta zauna ba. Tun 1949 kamfanin Gaskiya a Zariya ya fara fitar da Ikon Allah, na Rupert East da Abubakar Imam, littafin ilmin halittu da Hausa tsantsa, iyayenmu da suka yi elementare sun karanta shi. Ku dubi sunan ma kawai, ku ga yadda aka shigo da ilmin ta ƙofar da mutane suka sani. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro da tafiya sararin sama. Abin da aka yi shekara saba'in da wani abu baya, yau a ce ba ya yiwuwa?

Gwamnati dai ta yi ta kai-kawo. A Nuwamban 2022 aka amince a koyar da 'yan firamare da harshen gida har aji shida, a Nuwamban 2025 ministan ilmi ya ce an soke, a koma Turanci tun daga tushe. Tsakanin nan ni ban ga littafin kimiyya ko ɗaya da Hausa a hannun 'ya'yana ba, saboda haka ban san me aka gwada har aka ce bai yi ba. Gwajin da aka yi da gaske shi ne na Farfesa Babs Fafunwa a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarbanci, Turanci kuma darasi ne a cikin darussa, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu a Turancin ba. Kada a fahimce ni a karkace. Ina son 'ya'yana su iya Turanci, da shi za su rubuta WAEC da NECO da JAMB, da shi za su karanta takardar asibiti. Kuma na san mu Hausawa baƙi ne a ƙasar Fune, a ajin nan akwai 'ya'yan Ngizimawa da Karekare da Fulani da Barebari waɗanda Hausar ma harshe na biyu ce a wurinsu, Turanci na uku. Ban ce a fifita harshenmu a kan na masu gari ba. Na ce dai a fara da harshen da yaran ke wasa da shi a layi, a garin nan kuwa mun san wanne ne.

Shekaranjiya na je na sami malamin, na tafi da 'yata ta yi mana tafinta. Na zaci zai ji haushi, sai ya ɗauko biro yana rubutawa. Ya ce shi ma ya lura yaran na cike gurabe daidai amma ba sa iya amsa tambayar baki, ya rasa dalili. Mun tsaya a kan zai cire hoton wutar, zai bar fili a gefen kowane shafi a rubuta ma'anar da Hausa, kuma minti goma na farkon kowane darasi wani daga cikin manyan ɗalibanmu zai ba da labarin da Hausa kafin a shiga Turancin. Tambayar da ta shafi addini kuma ba zai ƙara korar ta ba, zai ce a rubuta a kawo mini, in amsa ranar Asabar a Islamiyya, in ta fi ƙarfina in kai gaba.

Daga cikin iyaye huɗun nan, biyu sun ce za su mayar da yaransu. Ɗaya ya ce sai ya ga sababbin takardun da idonsa, kuma yana da gaskiya. Na huɗun bai sauya ba, ya ce shi dai hankalinsa bai kwanta ba, na ce masa 'ya'yansa ne, ba mai tilasta shi, kuma gobe ma a sahu ɗaya za mu tsaya.

Ranar Alhamis mai zuwa bayan isha'i, in Allah ya kai mu kuma hazo ya bari, za mu taru a filin bayan masallaci, yara da iyaye, mata ta ɓangarensu. Malamin zai zo da sunayen Turanci, ina roƙon dattawan da suka san taurarin shuka su zo da nasu. A zo da tabarma da rigar sanyi, a kuma kashe fitilar waya. Masu tambayar alƙiblar sabon masallacin bakin kasuwa kuma su riƙe ranar 28 ga Mayu, wajen ƙarfe 10:18 na safe agogonmu: a lokacin rana tana bisa Ka'aba daidai, duk wanda ya fuskance ta ya fuskanci alƙibla. Za mu kafa sanda mu ja layi a bi inuwarta, yaran lesin su ne za su riƙe igiyar.